Shaƙuwar Jariri Da Mai Renonsa

Shaƙuwa, a wajen masana halayyar ɗan Adam, ita ce alaƙar da ke ƙulluwa tsakanin jariri da mai kula da shi, har ya zama gare shi yake neman mafaka in ya ji tsoro ko yunwa ko ciwo. Takan fito fili ne tun daga wata shida ko bakwai, lokacin da yaro ke fara ƙiwa.

Wanda ya aza harsashin wannan ilimi shi ne John Bowlby, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila. A rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, ya nuna illar da ke samun yaran da suka tashi ba tare da tsayayyen mai reno ba. A lokacin, masana da yawa na ganin nono ne kawai ke ɗaure jariri da uwa. Sai Harry Harlow na Amurka ya gwada da 'ya'yan birai: ya yi musu uwar waya mai madara, da uwar tsumma mai laushi. Sukan sha madara su koma su maƙale wa ta tsumma.

Mary Ainsworth kuwa ta fara lura da iyaye mata da jariransu a Yuganda a 1954. Daga baya a Amurka ta tsara gwajin kimanin minti 20, inda uwa ke fita ta bar ɗanta ɗan shekara guda a baƙon ɗaki, sannan ta dawo. Abin dubawa shi ne yadda zai tarbe ta:

1. Mai natsuwa: ya nufe ta, ta rarrashe shi, ya koma wasa.
2. Mai kau da kai: ya yi kamar bai gan ta ba.
3. Mai ɗari-ɗari: ya maƙale mata yana fushi, rarrashi bai kama shi.

A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara na huɗu, wato mai ruɗewa, wanda ke matsowa yana ja da baya.

Natsuwa takan samu ne in mai reno yana gane kukan yaro yana amsawa a kan kari. Ɗaukar jariri mai kuka ba sangarta shi ba ne. Shi ke koya masa cewa akwai wanda zai dogara da shi. Kuma ba lallai uwa kaɗai ba: uba, kaka, goggo ko yaya duk yaro kan shaƙu da su. Wannan na da muhimmanci a gidajen da uwa ke kunyar ɗan fari, ko inda ake kai yaro yaye gidan kaka: a tabbatar ya saba da wadda za ta riƙe shi tukuna.

Sunna ma ta zo da haka, domin ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausaya wa mahaifiyarsa.