Daga Bagauda Zuwa Alau: Idan Ruwa Ya Shiga Asibiti, Wa Ke Riƙe Majinyaci?

Jama'a, damina ta kankama, an fara jin gargaɗin ambaliya a rediyo, kuma kamar kullum hirar a kan gidaje da gonaki da gadoji take tsayawa. Ni kuwa asibiti nake so mu duba yau. Shi ne wurin da kowa ke rugawa in masifa ta sauka, amma ba kasafai ake tambayar ina shi zai ruga ba idan ruwan ya iso ƙofarsa. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Mu nan ba mu da teku, don haka irin mahaukaciyar guguwar nan da ke afka wa Amurka ba ta zuwa mana. Tamu masifar ta dam takan ɓullo. A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda, ɗaya daga cikin waɗanda aka gina zamanin Audu Bako, ya ɓalle bayan an kwashe kwanaki ana tafka ruwa a Kano. Sama da mutum 100 suka rasu a ambaliyar wannan shekara, dubban gidaje suka rushe. Shekara shida bayan haka, a Satumban 1994, ruwan dam ɗin Alau ya shiga Maiduguri. Aka yi jaje, aka raba shinkafa da tabarmi, aka manta. Sai da aka cika shekara 30 cif, a daren wayewar Talata 10 ga Satumba 2024, dam ɗin ya sake ɓallewa, kogin Ngadda ya hau gari mutane na barci.

Yawancinmu mun ga hotunan: Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehun Borno, duk a cikin ruwa. Wajen mutum 400,000 suka bar gidajensu. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka fice. Kadoji da macizan gidan zu suka biyo ruwa cikin unguwanni. Waɗannan su ne labaran da suka fi yawo a Facebook, domin sun fi ban al'ajabi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Wannan asibiti ba ƙarami ba ne. Gadajensa sun haura 1,000, kuma ba 'yan Borno kaɗai ke dogaro da shi ba, har mutanen Yobe da na Chadi da Kamaru da Nijar. Ruwa ya mamaye hawan ƙasa gaba ɗaya. Ma'aikata suka kwashe majinyata suka hau da su bene, aka dakatar da karɓar sababbi. Shugaban asibitin, Farfesa Ahmed Ahidjo, wanda shi kansa likitan ɗaukar hoto ne, ya fito ya shaida wa duniya cewa ruwan ya shiga cibiyar cutar daji, da sashen wankin ƙoda, da ɗakunan hoto da na gwaje-gwaje.

To ga abin lura. Me ya sa duk waɗannan suke ƙasa? Ba sakaci ba ne kaɗai. Injin gasa ciwon daji nauyinsa tan-tan ne, kuma dole a kewaye shi da katangar kankare mai kauri saboda hasken da yake fitarwa, ba ya hawa bene cikin sauƙi. Haka janareta, da tankin mai, da famfon da ke tura ruwa sama, da sito na magani, da ɗakin ajiye fayil. Duk abin da ke da nauyi ko ake shigowa da shi a mota, ƙasa ake ajiye shi. Ke nan majinyaci yana iya zama a hawa na biyu ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba, amma duk abin da ke riƙe da ransa ya nutse a ƙarƙashinsa. Asibiti ta ƙasa yake mutuwa.

Kada wani ya ce ai Najeriya ce. A ranar 29 ga Agustan 2005 guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans a Amurka, shingayen ruwa suka karye. Akwai wani asibiti mai suna Memorial da ruwa ya yi wa ƙawanya da mutane kusan 2,000 a ciki, majinyata da ma'aikata da iyalansu. Kayan haɗa wutar janaretansu suna kusa da ƙasa, kwana biyu da guguwar wuta ta ɗauke ɗif. Babu lifta, babu na'urar sanyaya ɗaki, ga zafi kamar na bazararmu. Nas-nas suka koma matsa jakar iska da hannu don majinyatan da inji ke numfasa musu. Aka riƙa ɗaukar marasa lafiya a zanen gado, ana zura su ta wata kafa a bango zuwa wurin ajiye motoci, daga nan a hau da su matakala har inda jirgi mai saukar ungulu ke sauka. Likitoci suka kasa majinyata kashi uku, waɗanda suka fi jin jiki aka sa su a ƙarshen layi. Da ruwa ya janye, gawa 45 aka samu a asibitin. A 2006 aka kama wata likita, Anna Pou, da nas biyu, bisa zargin sun yi wa wasu majinyata allurar da ta gaggauta mutuwarsu. A 2007 masu taya kotu tantance ƙara suka ƙi amincewa a gurfanar da ita. Har yau ana gardama a kan abin da ya faru a waɗannan kwanaki. Ni dai abin da nake gani shi ne, an bar wa mutanen da suka yi kwana huɗu ba barci yanke hukuncin da ya kamata a ce an rubuta shi tun shekaru kafin nan, a ofis, ana cikin natsuwa.

Shekara bakwai bayan haka, a Oktoban 2012, guguwar Sandy ta maimaita wa birnin New York karatun. Asibitin Bellevue ya yi dabara, janaretansa na hawa na 13. Amma famfon da ke tura musu mai yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa! Da ruwa ya cinye shi, ma'aikata da sojoji suka yi layi a matakala suna miƙa jarkokin mai hannu da hannu har sama. Duk da haka sai da aka kwashe majinyata ɗaruruwa, asibitin bai dawo aiki sosai ba sai Fabrairun 2013.

Kun lura da su wa ke cikin labaran nan? Sunan babban likita ake ji a jarida, amma masu tura gado, da masu shara, da masu gadi, da mai kula da janareta, da ɗaliban jinya, su ne ke ɗaukar mutum a kafaɗa. Kuma akwai wani nauyi da ba a cika faɗa ba. Nas ɗin da ke bakin aiki a Maiduguri daren nan, gidanta yana iya kasancewa a Gwange ko Gamboru, ruwa ya raba garin biyu, waya ba ta shiga, ba ta san inda 'ya'yanta suke ba. Wadda za ta karɓe ta da safe ita ma tana can tana neman tudu. Wallahi duk wanda ya tsaya a kan majinyaci a irin wannan hali, ban san da wane alawus za a biya shi ba. Allah Ya saka musu.

Sannan sai bayan ruwa, wanda a ganina shi ne ya fi tsanani, domin lokacin 'yan jarida sun naɗe kayansu. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku yake buƙata a mako, jikinsa bai san an yi ambaliya ba. Mai gashin ciwon daji kusan kullum ake yi masa har tsawon makonni, katsewa na rage amfanin maganin, kuma wuraren da ake yi a duk Arewa ba su da yawa. Daga Maiduguri zuwa Kano ma kusan kilomita 600 ne. Mai ciki ba ta ɗage naƙuda. Ga laka a cikin injuna, ga ruwan masai da ya gauraya da na rijiya, ga sauro. A sansanonin da aka tara mutane, irin su Bakassi da aka sake buɗewa, cunkoso ya yi yawa, kuma farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Wato daidai lokacin da marasa lafiya suka ninka, lokacin ne asibitin da zai karɓe su yake wanke laka daga ɗakin tiyata.

Shin ana iya kauce wa haka? A wannan watan na Satumban 2024, kwana 16 bayan Alau, guguwar Helene ta turo ruwan teku kan birnin Tampa a jihar Florida. Babban asibitin garin a kan tsibiri yake, ruwa ta ko'ina. Amma sun riga sun gina tashar wutarsu ƙafa 33 sama da teku, suna da rijiyarsu, suna da katangar tafi-da-gidanka da ake kafawa kafin guguwa. Ruwa ya zo ya jingina da katangar ya koma, asibiti bai tsaya ba. Na san za a ce kuɗi ne, kuma gaskiya ne. Amma kuɗin an kashe shi ne tun rana na haske, a cikin kasafi, a wata shekarar da ba a yi guguwa ba. Gyaran Alau kuwa, sai a farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80, bayan mai afkuwa ta afku.

Mu dawo gida. Mu mutanen Madadi da kewaye dam-dam ne suka zagaye mu: ga Guzu-Guzu, ga Magaga, ga Pada, ga babban na Challawa can wajen Ƙaraye da aka kammala a 1992. Su ne rufin asirinmu a noman rani, ba ina tsorata kowa ba ne. Amma yawancinsu sun girmi samarin da ke kamun kifi a cikinsu. Ƙaramin ciwo a asibitin sha-ka-tafi muke kai shi, wanda ya fi haka sai Gwarzo, wanda ya gagara sai a ɗau hanyar Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, wajen kilomita 70. Kwalbati ɗaya ruwa ya yanke a wannan hanya, mai naƙudar da jini ya ɓalle mata ta shiga uku. Kuma asibitocinmu na karkara ba su da benen da za a hau da kowa.

Na taɓa bin tawagar ƙidaya kayan gwamnati zuwa wani ƙaramin asibiti, ba zan faɗi suna ba. Janareta a dandaryar ƙasa yake, a kusurwar da ruwan indararo ke taruwa. Katan-katan na magani a kan siminti. Batiran sola na firjin rigakafi a bayan ƙofa, su ma a ƙasa. Da muka tambayi jami'in wurin, sai ya jawo fayil ya nuna mana takardu uku da ya rubuta yana neman bulo da siminti a ɗaga su. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan fayil: kuɗin da ke cikinsa ya yi kaɗan da zai ja hankalin ɗan kwangila, ya kuma yi yawa ga aljihun mai riƙe da asibitin. Abin da yake nema bai wuce dakali mai tsawon ƙugu ba, da kanta biyu na katako, da a yashe kwatar da ke bayan katanga kafin watan Agusta. Kwamitin ci-gaban mazaɓa ko ƙungiyar matasan gari za su iya gama shi a Asabar biyu, in har wani ya shiga ya tambayi ma'aikatan inda ruwa ke kwanciya.