Filin Wasa Ma Aji Ne: Waiwaye Kan Wasanni a Sakandaren Gwamnati ta Funtuwa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya yi makarantar kwana ta gwamnati a kudancin ƙasar Katsina, in ka zauna hira da shi, da wuya ya fara da labarin darasin lissafi. Abin da zai fara tunowa shi ne ranar da gidansu ya ɗauki kofi, ko yammacin da aka yi kare jini biri jini da 'yan wata makaranta a filin tamaula. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi sawun wannan al'ada, a ga inda ta samo asali, da yadda ta iso Funtuwa da maƙwabtanta, da abin da ta koya wa 'ya'yan manoma, sa'an nan a dubi halin da take ciki yau.

Tushen Al'adar

Kafin a yi maganar Funtuwa, tilas a leƙa birnin Katsina, domin can ne tushen abin yake. A ranar 5 ga Maris, 1922, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. Turawan da suka koyar a cikinta sun taso ne a makarantun kwana na Ingila, inda aka ɗauki wasa a matsayin rabin tarbiyya. Saboda haka suka zo da kurket da tamaula da guje-guje, suka kuma raba ɗalibai gida-gida don a riƙa gasa.

Daga cikin wasannin nan akwai wanda ya kama ƙasa ƙwarai, watau fayifs, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango uku, mutum biyu suna karawa da biyu. Wani malami Bature mai suna Hogben shi ne ya koyar da shi a Katsina da Birnin Kebbi. Da yake bangon namu na ƙasa ne, sai aka ajiye ƙwallo mai tauri irin ta Ingila, aka koma ga ƙwallon tanis, kuma da ita ake yi har yau. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi kwalejin daga 1926 zuwa 1931, gwanin wannan wasa ne, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

An mai da kwalejin Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda daga baya ta ɗauki sunan Barewa. Amma malaman da ta yaye sun riga sun bazu cikin makarantun Midil na larduna, kowa ya tafi da usur a aljihu. Da Midil ta zama Sakandaren Lardi, ita kuma ta zama Sakandaren Gwamnati bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, sai al'adar ta yi ta bin suna bayan suna ba ta yanke ba.

Funtuwa da Makarantarta

Auduga da jirgin ƙasa su ne suka raini Funtuwa. Hanyar jirgi da ta tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda, wadda aka gama a 1929, ta ratsa ta garin. Kamfanin BCGA, wanda Hausawa suka mayar Bisije, ya kafa injin gurzar auduga a nan da kuma Malumfashi. A 1975 aka soma Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin na farko irinsa a Nijeriya. Wannan ya sa garin ya tara jama'a iri-iri: manoma, fatake, ma'aikatan reluwe, direbobi, akawuna, Yarabawa, Ibo, Nufawa da sauransu.

Irin wannan cakuɗa ita ce ake gani a Sakandaren Gwamnati ta Funtuwa, wadda aka fi sani da Kwalejin Gwamnati. Yaro zai fito daga Bakori ko Ƙafur ko Faskari ko Ɗanja, da akwatin ƙarfe a ka da ɗan ƙullin ƙuli-ƙuli, wataƙila bai taɓa kwana a wajen ƙauyensu ba. A ɗakin kwana sai ya tarar gadonsa na kusa da na ɗan hakimi, ko ɗan Bamaguje, ko ɗan ma'aikacin tasha wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Cikin waɗanda suka bi ta wannan makaranta akwai Alhaji Aminu Bello Masari, mutumin ƙasar Ƙafur, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, kuma Gwamnan Jihar Katsina daga 2015 zuwa 2023.

To, mene ne ke haɗa kan yaran da ba su san juna ba? A aji kowa kansa yake yi wa karatu, kuma jarrabawa raba mutane take yi, wannan na ɗaya, wancan na kashin baya. Gida da filin wasa su ne ke ɗinke abin da aji ya raba.

Ranar Wasannin Gidaje

Tsarin iri ɗaya ne a makarantun kwana na wannan yanki. Kowane gida yana da suna, galibi na wani sarki ko malami ko gwarzo na tarihi, da launinsa, da malamin da ke kula da shi, da kaftin daga cikin 'yan babban aji. Bayan sallar La'asar sai a kaɗa ƙararrawa, kowa ya fito fili, ba a ɗaga wa kowa ƙafa sai marar lafiya. Wanda ya ɓuya a ɗaki kuwa, gobe lauje ne rabonsa.

Babbar rana ita ce ta gasar gidaje, wadda akan yi da rani, bayan an kau da amfanin gona. Tun ana saura mako biyu ake share fili, a ja layuka da farar ƙasa ko toka, a kafa rumfuna. Ranar kuwa sai gari ya watse zuwa makaranta. Hakimi ko wakilinsa yana rumfa, ga manyan ma'aikata, ga attajiran da suka ba da kofi, ga 'yan firamare sun yi cincirindo, masu rake da gyaɗa da ƙosai suna ciniki a gefe. Akan buɗe da fareti, sa'an nan gudun yadi ɗari, wanda daga baya aka mayar mita, da dogon tsalle, da tsallen baɗake, da jifan mashi, da jifan dalma, da jan igiya. Akan rufe da gudun miƙa sanda, wanda sau da yawa shi ke yanke hukuncin gidan da zai ɗauki garkuwa.

A nan ne ɗan ƙauye ke fanshe haushinsa. Yaron da ake yi wa dariya a aji don Turancinsa ya karye, amma ya saba tafiya gona mai nisa da ɗaukar damin dawa, in aka zo gudun dogon zango ta cikin gonakin auduga da aka riga aka tsince, sai a ga ƙurarsa kawai, ba takalmi ma a ƙafarsa. Daren nan har ɗan hakimi zai ɗauke shi a kafaɗa. Darasin da ke ciki ba ƙarami ba ne: alƙalin wasa ba ya tambayar ɗan wane ne kai, kuma wanda aka kayar dole ya miƙa hannu ga wanda ya kayar da shi. Mutane da yawa da suka riƙe ofis daga baya, a kaftin ɗin gida suka fara koyon yadda ake shugabantar jama'a ba da bulala kaɗai ba.

Abin da Aka Bari a Bakin Ƙofa

Sai dai kuma, mai karatu, kada mu yabi ɗan kuturu tun bai shekara arba'in da yatsa ba. Kafin zuwan Bature ƙasar nan tana da wasanninta. Da kaka, in rumbu ya cika, samari kan fita kokawa a dandali ana kiɗa, a lokacin kalankuwa da sauran bukukuwa. Mahauta na da dambe, Fulani na da sharo, yara kuwa na da langa, inda ake riƙe ƙafa ɗaya ana ɗingishi ana kare ruwa har ya kai masha. Makarantar boko ta bar duk waɗannan a bakin ƙofa. Yaro zai iya zama gwanin kokawa a ƙauyensu, amma a makaranta ba kofi ko ɗaya da aka ajiye masa, sai dai a yi ta a ɓoye bayan ɗakin kwana da farin wata. Abin mamaki shi ne, Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Ikko a 1973, daga baya ta karɓi kokawa da dambe da langa, alhali makarantun da ke tsakiyar masu abin ba su ba su matsayin da ya dace ba. Wannan giɓi ne da muka gada, kuma mu ne ya kamata mu cike shi.

Yadda Al'amura Suka Sauya

A 1976 aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Da yaran suka kammala, sai aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo da yawa don a karɓe su. Alheri ne babba, amma ɗalibin da ke tashi da azahar ya tafi gida ko gona ko kasuwa, ba ya nan lokacin ƙararrawar La'asar. Matsin tattalin arziki da ya biyo baya, musamman daga 1986, ya sa kuɗin ƙwallo da riguna da motar kai 'yan wasa suka zama abin da ake fara yankewa. Aka ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, makarantu suka ƙaru, ɗalibai suka ninka, a wurare da dama kuma aka ci gefen fili da sababbin azuzuwa ko shaguna.

Sa'an nan ga babbar musiba ta rashin tsaro. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, suka kora yara zuwa daji. An sako 344 a ranar 17 ga watan. Gwamna Masari, tsohon ɗalibin Funtuwa, shi ne ya ba da umurnin rufe makarantun kwana na jihar a lokacin. Ko bayan an koma karatu, wane uba ne hankalinsa zai kwanta a ce ɗansa ya fita gudun dogon zango ta bayan gari?

Kammalawa

Abu biyu ke gabanmu, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, tarihin nan yana warwatse a cikin tsofaffin hotuna, da kofunan da suka yi tsatsa a ofishin firinsifal, da kawunan dattawan da kullum raguwa suke yi. Ina kira ga 'yan wannan ƙungiya tamu da suka fito daga Funtuwa, Malumfashi da kewaye, kowa in ya je hutu ya nemi tsohon malamin wasanni ko tsohon kaftin, ya rubuta sunayen gidaje, da waƙoƙin zuga, da shekarun da aka yi nasara. Na biyu, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, in sun tashi gyaran azuzuwa, su tuna da fili, su kewaye shi, su sa kofi, har da na kokawa da langa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Makarantar da ta rasa filinta ta rasa ajin da ɗan manomi da ɗan sarauta suke tsayawa a kan layi ɗaya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.