Babi na Uku: Naɗa Mata Firistoci da Haɗin Kan Ɗarikar Angalika, 1944 zuwa 2025

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana yadda ɗarikar Angalika ta bazu daga Ingila zuwa sauran sassan duniya, da yadda kowane lardi nata ya zama mai cin gashin kansa, ta yadda Akbishop na Kantabari yake da girma a idon kowa amma ba shi da ikon ba wani lardi umarni. Wannan babi zai yi tsokaci ne a kan batun da ya fara gwada ƙarfin wannan tsari, wato ko ya halatta a naɗa mace firist. Akan ji ana cewa al'adar Turawa ta zamani ce ta haifar da batun, Afirka da Asiya kuma suka ƙi shi. Idan aka bi tarihin daki-daki, za a ga cewa wannan magana ba ta cika ba.

3.1 Mafarin Al'amarin

Mace ta farko da aka naɗa firist a wannan ɗarika 'yar ƙasar Sin ce, mai suna Florence Li Tim-Oi, kuma yaƙi ne ya jawo naɗin nata. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Japan sun mamaye Hong Kong, 'yan gudun hijira kuwa suka cika Makawo, wadda ke hannun Fotugal. A can take hidima a matsayin dikon. Da yake firistoci maza ba sa iya ƙetarawa su kai wa jama'a Jibin Ubangiji, sai Bishop Ronald Hall ya naɗa ta firist a ranar 25 ga Janairu, 1944. Babu wata ƙungiyar neman 'yancin mata da ta matsa masa. Garke ya gani ba makiyayi.

Bayan yaƙi, shugabannin cocin Ingila suka nuna rashin yardarsu. A shekarar 1946 ta ajiye takardar izininta ta aiki domin kada a tsige bishop ɗin, amma ba ta taɓa cewa ta ajiye firistancin ba. Taron Lambeth na 1948, wanda ke tara bishop-bishop na ɗarikar kusan duk bayan shekara goma, ya ƙi amincewa da shawarar da ta zo daga Sin ta a gwada naɗa mata na ɗan lokaci. Haka maganar ta kwanta fiye da shekara ashirin. Sai a 1971 Majalisar Tuntuɓa ta Angalika, a zamanta na Limuru a Kenya, ta yarda da ƙaramin rinjaye cewa Hong Kong na iya ci gaba. A wannan shekarar aka naɗa Jane Hwang da Joyce Bennett.

3.2 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu adawa da naɗin ba ra'ayinsu ɗaya ba, kuma rashin lura da wannan yakan sa a yi wa tarihin gurguwar fahimta. Akwai masu kusanci da Katolika, waɗanda suke ganin cewa Almasihu maza ya zaɓa manzanni, ikilisiya kuma ta bi wannan sawu kusan shekara dubu biyu, saboda haka reshe ɗaya ba shi da hurumin sauya abin da ya gada tare da Roma da Orthodox. Damuwarsu ita ce ingancin Jibin Ubangiji. Akwai kuma 'yan bishara, waɗanda suka dogara da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti da ta fari zuwa ga Korantiyawa, inda suka fahimci cewa shugabanci da koyarwa a cikin taron ikilisiya nauyin namiji ne. Su kuwa masu goyon baya sukan kawo sura ta uku ta wasiƙar Galatiyawa, wadda ta daidaita namiji da mace a cikin Almasihu, da ambaton Fibi da Biriskila a cikin wasiƙar Romawa, da kuma cewa mata ne suka fara kai labarin tashin Yesu daga matattu. Kowane ɓangare da Littafi Mai Tsarki a hannunsa yake magana, shi ya sa gardamar ta yi wuyar yankewa.

Ba za a musa cewa zamani ya yi tasiri a ƙasashen Yamma ba. A Amurka, a ranar 29 ga Yuli, 1974, wasu bishop-bishop uku da suka bar aiki suka naɗa mata goma sha ɗaya a Filadelfiya ba tare da izinin cocinsu ba, a daidai lokacin da fafutikar 'yancin mata ta yi ƙamari a ƙasar. Shekara biyu bayan haka babban taron cocin ya halatta naɗin, Kanada ma ta naɗa nata a 1976. Paparoma Paul na Shida ya riga ya rubuta wa Akbishop Donald Coggan a 1975 cewa wannan mataki zai zama babban cikas ga sulhun da ake nema tsakanin cocin biyu. To amma Gabashin Afirka ma bai jira Ingila ba. A 1983 Bishop Festo Kivengere na Kigezi a Yuganda, mashahurin mai wa'azin farkawa wanda ba wanda zai zarge shi da sassauci a kan Littafi, ya naɗa mata firistoci. A Kenya ma Bishop Henry Okullu ya yi haka a farkon shekarun 1980. Ke nan waɗannan ƙasashe sun riga uwar cocin da fiye da shekara goma.

3.3 Taron Lambeth na 1988 da Ƙuri'ar Ingila

Taron 1988 shi ne mafi muhimmanci ga wannan nazari, domin a nan aka ga yadda ɗarikar ke sarrafa bambancin al'ada. Amurka ta nuna cewa tana gab da naɗa mace bishop. Wannan ya fi batun firist nauyi, saboda bishop shi ke naɗa wasu. Wanda bai yarda da bishop mace ba, ba zai yarda da ko da namijin da ta ɗora wa hannu ba. Taron bai yanke hukunci a kan halacci ko haramci ba. Ya roƙi kowane lardi ya mutunta shawarar ɗan'uwansa, a ci gaba da zumunci gwargwadon iko, aka kuma kafa kwamiti a ƙarƙashin Akbishop Robin Eames na Ayaland ya tsara yadda za a zauna tare. A watan Fabrairu na 1989 aka naɗa Barbara Harris a Masachusets.

Abin lura shi ne, wannan taron dai shi ne ya sassauta hukuncin da Lambeth ta yanke tun 1888 a kan mai mata fiye da ɗaya. Bisa roƙon bishop-bishop na Gabashin Afirka, aka yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa da 'ya'yansa, muddin ba zai ƙara aure ba, jama'ar wurin kuma sun amince. Ashe kowane ɓangare ya zo da matsalar al'adarsa ne, kowa kuma aka ɗaga masa ƙafa.

Ingila ta biyo baya a ranar 11 ga Nuwamba, 1992. Ana bukatar kashi biyu cikin uku a kowane zaure na Babbar Majalisar cocin. Bishop-bishop sun amince da ƙuri'a 39 da 13, limamai 176 da 74, zauren mabiya kuwa 169 da 82, wato da ƙyar aka sha. Li Tim-Oi ta rasu a Toronto a watan Fabrairun wannan shekara, ba ta ga ranar ba. A ranar 12 ga Maris, 1994 aka naɗa mata 32 na farko a Biristol. Ɗaruruwan limamai suka fita, da yawansu zuwa Katolika, har da Graham Leonard, tsohon bishop na Landan. A watan Mayun 1994 Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da wasiƙa cewa cocinsa ba shi da ikon naɗa mata. Domin riƙe waɗanda suka rage, cocin Ingila ya tanadi bishop-bishop na musamman masu kula da majami'un da ba su yarda ba. Wannan dabara ta hana tsagewa, amma ta bar matan da aka naɗa suna aiki a cocin da doka ta yarje wa wasu 'yan'uwansu su ƙi karɓar Jibi daga hannunsu. Batun bishop mace ma sai da ya faɗi a 2012 da ratar ƙuri'a shida a zauren mabiya, kafin ya wuce a 2014, aka naɗa Libby Lane a Janairun 2015.

3.4 Matsayin Nijeriya

Cocin Angalika na Nijeriya ya zama lardi mai zaman kansa a 1979, kuma ya tsaya a kan ƙin naɗa mata firistoci. A 1993 Bishop Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku dikon, shugabannin cocin a zamanin Akbishop Abiodun Adetiloye suka soke naɗin. Wannan bai hana mata riƙe babban kaso na aikin ikilisiya ba, ta hanyar Ƙungiyar Iyaye Mata, da kuma Zumuntar Mata a majami'un Arewa. Duk da wannan matsayi, Nijeriya ba ta yanke zumunci da Ingila ko Amurka a kan mata ba. Bishop-bishop ɗinta sun halarci Lambeth a 1998, inda mata bishop goma sha ɗaya suka zauna.

Abin da ya tsinka igiyar shi ne naɗa Gene Robinson, mai zaman tare da namiji kamar ma'aurata, bishop a Amurka a 2003. Daga nan aka kafa ƙungiyar GAFCON a Urushalima a 2008, Nijeriya da Yuganda da Ruwanda suka ƙaurace wa Lambeth ta wannan shekara. A cikin GAFCON ɗin kanta ba a daidaita a kan mata ba: Yuganda da Kenya da Ruwanda suna da mata firistoci, Sudan ta Kudu ta naɗa Elizabeth Awut Ngor bishop a ƙarshen 2016, Kenya kuma ta naɗa mata biyu a 2021. Wato ƙungiyar ta ɗauki tsarin zama da bambanci irin na 1988, tsarin da take zargin ya gaza a wani batun.

A ranar 3 ga Oktoba, 2025 aka sanar da Sarah Mullally, bishop ta Landan, a matsayin wadda za ta zama Akbishop ta Kantabari, mace ta farko a wannan kujera. Akbishop Henry Ndukuba na Nijeriya ya yi watsi da zaɓen bisa dalili biyu: rashin la'akari da waɗanda ba su yarda mace ta shugabanci bishop-bishop ba, da goyon bayanta ga sa wa masu auren jinsi ɗaya albarka. A cikin sanarwar tasa, dalili na biyu ne ya ce ya fi tayar da hankali.