Daga Madubi zuwa Ƙwayoyin Gado: Tarihin Wata Lamba

Sankarar jini mai saurin tsananta, wadda ke tasowa daga ɓargo, likitocin Abijan LAM suke rubuta ta, da yake da Faransanci suka yi karatu. In suka ƙara lamba, suka ce LAM3, to, sun dunƙule tarihi mai tsawo a cikin haruffa kaɗan.

Da fari ido ne alƙali. A 1906 John Auer ya bayyana wasu siraran sanduna da ya hango cikin ƙwayoyin jinin wani majiyyaci. A 1976 masana bakwai daga Faransa da Amurka da Birtaniya suka kasa cutar gida shida, M1 zuwa M6, bisa kamannin ƙwaya a ƙarƙashin madubin likita. M3 ta fi sauƙin shaidawa: ƙwayoyinta cike suke da ɗigo-ɗigo, sandunan Auer kuwa a ɗaure kamar damin ƙirare.

Sai dai tun 1973, a Shikago, Janet Rowley ta gano cewa a wasu majiyyatan kuromosom na 8 da na 21, wato zaren da ke ɗauke da gado, sun yi musayar gutsure. A 1977 ta nuna irin wannan musayar tsakanin na 15 da na 17, kuma a M3 ake samunta. Ashe abin da ido ke gani inuwa ce, mai inuwar yana can ciki. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shaidar gado cikin rabe-rabenta, domin sau da yawa kama ba ta nuna komai game da asali.

Duk da haka, a ganina an yi gaggawar raina madubi. M3 da zubar jini take kisa, cikin 'yan kwanaki, amma tun 1988 likitocin Shanghai suka nuna cewa ATRA, maganin da ya samo asali daga bitamin A, yana sa ƙwayoyinta su balaga. A ce an ɗauko wani ɗan kasuwa daga Adjamé zuwa asibitin koyarwa na Treichville, dasashinsa na zubar da jini. Gwajin gado yana cin kwanaki da kuɗi masu yawa. Shafa ɗigon jini a gilashi a rina shi kuwa aikin yini ɗaya ne. Ƙa'idar likitoci ita ce, da zarar an hango damin ƙiraren nan, a fara ATRA ba tare da jiran sakamakon gado ba.