Hoton baƙi-da-fari a ƙasar Muri da kewayenta

Hoton baƙi-da-fari shi ne hoton mutum da ake ɗauka a fim, a wanke shi a ɗakin duhu, ya fito a kati ba tare da launi ba. Shi aka sani a Jalingo da sauran garuruwan Binuwai har zuwa shekarun 1980, kafin hoto mai kala ya karɓe kasuwa. A unguwanni irin su Barade, Turaki, Majidadi da Sintali, tarihinsa yana warwatse cikin albom da akwatunan ƙarfe da bangon zaure. Saboda haka mai son haɗa shi dole ya jingina da wuraren da aka adana fina-finai aka kuma rubuta shekaru, musamman tsallaken iyakar Kamaru, bayan tsaunin Mambila.

Farkon lamari

An bayyana sana'ar hoto ga duniya a Faransa a 1839. Ta iso Najeriya ta bakin teku, tun kafin Lamiɗon Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893. A 1897 Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, ya ɗauki Sarkin Binin Ovonramwen a cikin jirgin ruwan da zai kai shi zaman gudun hijira a Kalaba. Sarkin yana zaune, dakarun mulkin mallaka na tsaye a kansa, fuskarsa a ɗaure. Turawa sun yaɗa hoton don nuna nasararsu, amma yau masu kallo sun fi ganin mutumin da aka ci da yaƙi bai zubar da girmansa ba.

A Arewa kyamara ta fara zuwa ne a hannun jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan, sai kuma masu hoto daga Kudu da suka biyo layin dogo da kogi. Dogon zamanin Sarkin Muri Muhammadu Mafindi, daga 1903 zuwa 1953, ya faɗo daidai lokacin da hoto ya tashi daga abin sarakuna da Turawa ya fara zama abin da malamin makaranta ko ɗan kasuwa zai biya a yi masa. Fasfon aikin Hajji, takardar jarrabawa da neman aikin gwamnati sun tura har waɗanda suke ƙyamar hoto saboda addini zuwa gaban mai hoto.

Zamanin shaguna

Masu hoton da duniya ta fi sani daga Bamako suke. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana, ya rataya zanen gado a bayansu, ya ara musu agogo ko rediyo ko babur. Game da Malick Sidibé kuwa an saɓa: wasu sun ce ya buɗe shagonsa a 1958, wasu 1962. A 2007 aka ba shi babbar lambar bikin zane-zane na Venice. A Yamai akwai Philippe Koudjina, a birnin Binin akwai Solomon Alonge da ya buɗe nasa a 1942.

Mafi kusa da Taraba su ne masu hoto uku na Kamaru. Jacques Toussele, wanda ya rasu a 2017, ya koyi sana'ar a hannun wani ɗan Najeriya, ya yi shekaru kusan arba'in yana aiki a Mbouda. Yaronsa Joseph Chila ya koma Mayo Darle, garin haƙar kuza da ke dab da iyakar ƙaramar hukumar Sardauna. Samuel Finlak kuma ya zauna a ƙauyen Atta, yana zagaya ƙauyukan Mambila da Tikar da kyamararsa. Masu zuwa wurinsu Fulani ne, Hausawa, Mambila da Bamileke, kusan irin jama'ar da ake gani a kasuwar Gembu. Masanin Jami'ar Oxford David Zeitlyn ya bi diddigin aikinsu, kuma da tallafin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya aka kwafe fina-finan Toussele sama da 40,000 zuwa kwamfuta. An nuna hotunan Chila da Finlak a Landan a 2005, aka haɗa su ukun a gidan tarihi na Fowler a Amurka a 2021.

Yadda hoton yake nuna zuciya

Mai duba waɗannan hotuna zai lura da ƙarancin murmushi. Akan ce jinkirin tsofaffin kyamarori ne ya jawo haka, tunda sai mutum ya daskare na wasu daƙiƙu. Wannan bayani ya dace da ƙarni na 19, bai dace da 1970 ba, lokacin da ƙiftawar ido ta isa. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne tarbiyya. A ƙasar da ake yabon kunya da kamun kai, dattijo ba ya yashe haƙora a gaban baƙo, amarya ba ta zuba wa namiji ido. Hoton kuma kuɗi aka biya, sau ɗaya za a ɗauka, kuma shi 'ya'ya za su gada.

Sai abin da ke zuci ya koma wasu wurare. Aminai biyu sukan sa kaya iri ɗaya su riƙe hannu. Uwa takan ɗora tafi a kafaɗar yaro tana kallon gefe. Saurayi yakan ja hannun riga don agogo ya fito, ya ɗan karkata hula. Da yake babu launi, jan atamfa da shuɗin shadda duk sun zama toka-toka, ba abin da zai janye ido daga farin ƙwayar ido, kwalli, tsagar gado a kumatu da inuwar da rawani ya jefa a goshi.

Kayan aikin ma suna da hannu. Kyamarori masu ido biyu irin su Yashica da Rolleiflex a daidai cibiya ake riƙe su, mai hoto ya sunkuya yana leƙawa ta sama. Wanda ke zaune ba ya jin an tsare shi da ido, kuma ana ɗaukarsa daga ɗan ƙasa, abin da ke ƙara masa kwarjini. Fim ɗaya hoto 12 yake ci. A ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, mai hoto kan sa tafin hannu ya tare haske daga fuska na ɗan lokaci don kada ta dushe kusa da farar babbar riga, wani lokaci ya bi fim ɗin da fensir ya goge tabo. Wannan gyaran hannu shi ya sa baƙar fata take sheƙi a hotunan ƙwararru, alhali fim mai kala na farko, wanda aka auna da fatar Turawa, yakan mayar da ita dunƙulen duhu.

Ja da baya

Injinan wanke hoto mai kala sun bazu a biranen Afirka ta Yamma a shekarun 1980, suka mayar da mai hoto ɗan aike tsakanin gidan biki da injin. A Kamaru bugun ƙarshe ya zo a 1998, sa'ad da gwamnati ta fito da sabon katin shaidar ɗan ƙasa wanda hukuma ke ɗaukar hotonsa da kanta, masu shaguna suka rasa babban cinikinsu. Jalingo ta zama hedikwatar Jihar Taraba ranar 27 ga Agusta, 1991, a lokacin kala ta riga ta yi gaba. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, wayoyi masu kyamara suka biyo baya.

Yau tsohon kati kan fito ne idan an yi rasuwa ko naɗin sarauta: a ciro shi daga firem, a ɗauke shi da waya, a tura wa dangi ta WhatsApp, ko a kai shago a ƙara masa girma. Fina-finan asali kuwa damina da gara ne abokan gabarsu, kuma zafin kwarin Binuwai yana sa su manne da juna cikin 'yan shekaru idan ba a raba su da takarda ba.