Kazaure: Daga Mafakar Duwatsu Zuwa Garin Bakin Ruwa

Matafiyin da ya taso daga Kano zuwa Daura, idan ya wuce Dambatta zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗun gonaki suna ja da baya, tuddai da duwatsu suna tasowa, sai ga ruwa kwance a gefen gari. Nan ne Kazaure, hedikwatar masarautar da ta haɗa ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi a arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Duwatsun nan su suka kafa garin, ruwan kuwa shi ne jarin da aka damƙa masa daga baya, wanda har yau ba a ci rabin moriyarsa ba.

Asalin masarautar yana komawa ga Ibrahim Ɗantunku, Bafillacen da ya zauna a Dambatta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shafe shekaru ana gwabzawa a arewacin Kano. A ƙarshe Sakkwato ta amince da ƙasarsa a matsayin masarauta mai cin gashin kanta, wadda aka yanko daga gefen Kano da Katsina da Daura. Ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi. Dambo ne ya kafa gadon sarauta a Kazaure, inda duwatsu suka zame wa mutanensa ganuwa, Dambatta kuma ta koma hannun Kano. Ƙaramar masarauta da manyan maƙwabta suka kewaye ba ta da abin dogaro da ya wuce wurin da dawakin abokan gaba ba za su iya sukuwa ba. Zuriyar nan ce ke riƙe da sarauta har yau, kuma Mai Martaba Alhaji Najib Hussaini Adamu yana kan karaga tun 1998.

Bayan yaƙi ya kau, sai wata matsalar ta fito fili. Damina a nan gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu, ruwan da ya sauka a kan duwatsu kuma gangarewa yake yi ya tafi. Manomi ya girbe gero da dawa da gyaɗa da wake, sannan ya ɗauki jaka ya tafi cin rani. A shekarun 1970, lokacin Kazaure tana cikin tsohuwar Jihar Kano, gwamnati ta duƙufa gina madatsun ruwa, aikin da Gwamna Audu Baƙo ya yi fice a kansa da madatsun Bagauda da Tiga. Cikin wannan yunƙuri Kazaure ta samu nata dam, wanda ke ɗauke da sunan Muhammadu Ayuba. Daga nan rayuwa ta canja. Masunta suka saki koma da taru suna kamun karfasa da tarwaɗa, masu noman rani suka kafa lambunan tumatir da albasa da tattasai, makiyaya suka samu mashaya, gari ya samu ruwan sha.

Da aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, sai ilimi ya zama ƙafa ta biyu da garin ke tsaye a kai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda jiha ta kafa kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta, da cibiyar koyar da kwamfuta da aka buɗe a zamanin Gwamna Saminu Turaki, sun jawo ɗalibai daga sassa da dama. Masu gidajen haya da masu abinci da 'yan acaɓa duk suna cin arzikinsu. Ta arewa maso gabas kuma akwai Ɓaɓura, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, inda fataucin dabbobi da hatsi ya daɗe yana gudana. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Kazaure aka tsara zai bi.

Abin takaici shi ne yawon buɗe ido. Garin da ke da ruwa da duwatsu, da tuddan Roni a kusa, da fada mai tarihin shekara ɗari biyu, da hawan sallah mai ƙayatarwa, ga shi kusa da miliyoyin mutanen Kano, bai kamata ya zama wurin da ake tsayawa shan mai kawai ba. Abin da ake buƙata ba mai wuya ba ne: a yashe dam ɗin kafin yashi da ciyawa su cinye shi, a dasa itatuwa a gaɓarsa, a hana zubar da shara, a samar da wurin zaman iyali da kwale-kwale masu rigunan kariya, a horar da matasan gari su riƙa yi wa baƙi jagora da ba su tarihi.

Kiranmu ga gwamnatin Jigawa da majalisar masarauta da attajiran Kazaure shi ne su fara wannan aiki tun yanzu, domin ranar da jirgin ƙasa zai tsaya a tashar garin, fasinja ya samu dalilin sauka.