Gashin ƙashi wajen rage raɗaɗin amosanin gaɓɓai

Gashin ƙashi, ko fisiyotarafi, wani ɓangare ne na kiwon lafiya da ake amfani da motsa jiki, ɗumi, sanyi da aikin hannu domin rage ciwo da dawo da ƙarfin gaɓa. Yana daga cikin hanyoyin farko da likitoci ke bi wajen kula da masu amosanin gaɓɓai, cutar da wasu ke kira sanyin ƙashi. Gashi ba ya warkar da cutar, amma yana rage raɗaɗi, yana kuma taimaka wa mutum ya ci gaba da sana'arsa.

Suna

Kalmar ta samo asali ne daga gasawa, wato ɗora wa wuri mai ciwo abu mai ɗumi. Wannan ya sa mutane da yawa ke ɗauka cewa aikin bai wuce na'urar zafi da tausa ba. A wajen masana kuwa, motsa jiki shi ne ginshiƙin maganin, ɗumi kuma mataimaki ne kawai.

Cutar

Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ke zaizayewa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ke ɗauke da shi a shekarar 2019, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 mata ne. Tsufa, ƙiba, tsohon rauni da aikin da ke wahalar da gaɓa na ƙara haɗarin kamuwa. Akwai kuma nau'in rumatoyid, inda garkuwar jiki ke farma gaɓoɓi. Shi wannan yana buƙatar maganin asibiti da wuri, gashi kaɗai bai isa ba.

Yadda ake yi

Likitan gashi kan fara duba tafiyar majinyaci, ƙarfin tsokarsa da iya lanƙwasuwar gaɓar, sannan ya tsara masa atisaye. Ga mai ciwon gwiwa, ana ƙarfafa tsokar gaban cinya ta hanyar ɗaga ƙafa a miƙe yana kwance, ko tashi da zama daga kujera a hankali. Tafiyar ƙafa da tuƙa keke suna da amfani. Zaman wuri ɗaya saboda tsoron ciwo yana raunana tsoka, gaɓar ta ƙara ƙagewa.

Ana ɗora tawul mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 idan gaɓa ta ƙage, ƙanƙara a cikin ƙyalle kuma idan ta kumbura. Masu ciwon sukari su yi hattara, domin ƙafarsu na iya ƙonewa ba su ji ba. Sandar dogarawa ana riƙe ta ne a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Rage nauyi na sauƙaƙa wa gwiwa sosai. Ɗan ƙarin ciwo bayan atisaye ba abin tsoro ba ne, amma idan ya wuce kwana ɗaya sai a rage yawansa.

A Kano

Gashin ƙashi na zamani ya shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. A Kano ana samunsa a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala. Jami'ar Bayero na horar da ɗalibai a fannin.

A ƙaramar hukumar Fagge, inda kasuwannin Kantin Kwari da Sabon Gari suke, sana'o'i da dama na wahalar da gaɓoɓi. 'Yan dako na ɗaukar dilolin atamfa da buhuna, teloli na wuni a kan keken ɗinki, masu shaguna kuma na daɗewa a tsaye. Ana ba irin waɗannan shawarar su riƙa sauya yanayin zama, su raba kaya gida biyu, ko su yi amfani da baro. Wanda tsuguno ke yi wa wuya zai iya amfani da masai na zama, kuma shari'a ta yarda wa mara lafiya ya yi sallah a zaune.

A baya Sabon Gari ta shahara wajen cinikin magunguna, kuma magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen na da sauƙin samu. Daɗewa ana shan su ba da umarnin likita ba na iya haddasa gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Ɗori na karaya ne, ba ya gyara guringuntsin da ya zaizaye.

Lokacin gaggawa

Idan gaɓa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko mutum ya kasa taka ƙafa, asibiti ake zuwa nan take, domin yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar. Haka ma mai sikila da ke fama da ciwon kwatangwalo, sai an ɗauki hotonsa kafin a fara atisaye.